Numeiri, Abdulkhaliƙ da dokar da ta ci burtali

Ga shirinmu na tarihi a rubuce, saboda wanda rediyonsa bai kama ba ranar, da wanda ya kama amma yana tsakiyar kora.

Duk wanda ya taɓa saukowa da dabba daga Butana bayan ɗaukewar ruwa ya san yadda hanyar take. Mashru'i a dama, mashru'i a hagu, dawa ba a kai ga yanke ta ba, burtalin kuma a wani wurin in ka jefa sanda sai ta faɗa gonar mutum. Saniya ɗaya ta kauce, sai maganar ɓarna, sai zariba, sai tara. In ka ce wa mai gona kakanka ya bi ta nan tun ba a san tarakta ba, sai ya zaro maka takarda mai hatimin hukuma. To, takardar nan tana da uwa. Uwarta doka ce da aka sa wa hannu a Khartum a 1970, kuma gwamnatin da ta yi ta ita ce wadda ta fi kowace gwamnatin Sudan ɗaga murya a kan yaƙi da 'yan mulkin mallaka da ƙwato wa talaka haƙƙinsa. Yadda aka yi haka ta faru ba ya faɗuwa sai an kawo mutum biyu: Ja'afar Muhammad Numeiri, da Abdulkhaliƙ Mahjub wanda Numeirin ya rataye.

Mu fara da abin da ake nufi da mulkin mallaka a ƙasar nan, don kalmar ta sha faɗa har ta suɗe. Ingila ta ci Sudan a Karari a 1898, ta riƙe ta da sunan tarayya da Masar. A 1925 aka gama madatsar Sinnar, aka buɗe gonakin Jazira, ana noma auduga ana kai wa masaƙun Lankasha a Ingila. Hannuwan da suka tsinci audugar nan da yawa na kakanninmu ne, Hausawa da Fulani da Barebari, waɗanda hanyar Makka ta ajiye a nan, da waɗanda suka biyo Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903. A ƙarshen shekarun 1920 layin dogo ya ratsa Gadarif, ya haɗa Sinnar da Kasala ya miƙe tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan. Banki na Bature ne, Barclays. Manyan kamfanonin da ke fitar da ƙaro da riɗi da fata su ma nasa ne, irin su Gellatly Hankey da Mitchell Cotts. Noman inji ma a nan ƙasarmu aka fara shi, a Gadambaliya, a tsakiyar shekarun 1940, don a ciyar da sojojin Ingila da ke gabashin Afirka.

A karkara kuwa Bature bai cika son a ga fuskarsa ba. Bayan boren 1924, wanda Ali Abdullaɗif da ƙungiyar Farar Tuta suka tayar, Turawa suka daina yarda da ɗan boko, suka koma suka ƙara wa nazirai da omdodi ƙarfi, suka ba su kotu da karɓar haraji. Wannan ita ce idara ahliyya. 'Yan'uwanmu da suka fito daga Najeriya sun san irinta, ita ce En'e, kuma daga can ɗin Turawan Sudan suka kwaikwayo salon, wajen Lugga.

A wannan Sudan ɗin aka haifi Abdulkhaliƙ Mahjub a Umdurman a 1927. Ya tafi Alƙahira karatu, siyasa ta sa aka koro shi a 1948, ya dawo gida. Yana da shekara ashirin da 'yan kai ya zama sakataren ƙungiyar da daga baya ta koma Jam'iyyar Kwaminis ta Sudan. Na san da an ce kwaminis wasu dattawanmu za su yi a'uzubillahi, kuma za mu zo kan dalilin. Amma ku duba inda ƙarfin jam'iyyar yake a lokacin: ma'aikatan jirgin ƙasa na Atbara, waɗanda suka kafa ƙungiyarsu a 1946 suka yi yajin aiki a 1947 har Bature ya amince da ita, sai manoman haya na Jazira masu neman a nuna musu lissafin audugarsu. Galibinsu masallata ne da suka gaji da cuta. A zaɓen 1953 mutanen Abdulkhaliƙ sun shiga da sunan Gamayyar Adawa da Mulkin Mallaka, suka ci kujera ɗaya tak, ta Hasan al-Ɗahir Zarruƙ.

Tunaninsa a taƙaice shi ne, tafiyar gwamna Bature da saukar da tutarsa ba su isa a ce an sami 'yanci ba, matuƙar audugar tana bin hanyar da ta saba, farashinta ana yanke shi a waje, kuma masu gidan da Bature ya ɗora suna nan a kan kujerunsu. Ba a daɗe ba abin ya nuna kansa. An ɗaga tuta ranar 1 ga Janairu 1956. A watan Fabrairu, ko wata biyu ba a cika ba, manoman wani mashru'in auduga na 'yan kasuwa a Joda, a bakin Farin Nil, suka ƙi miƙa audugarsu sai an biya su haƙƙinsu na baya an kuma nuna musu littafin lissafi. Aka turo 'yan sanda, aka yi arangama, aka kama ɗaruruwa. Aka kai su Kosti aka cusa su a ɗaki guda a bariki, aka rufe ƙofa da tagogi. Suka yi ta bugun ƙofa suna neman ruwa da iska. Da gari ya waye aka fito da gawar kusan mutum 200. Babu Bature ko ɗaya a cikin waɗanda suka ba da wannan umarni. Gwamnatin Isma'il al-Azhari ce, gwamnatin 'yan ƙasa. Duk wanda ke son ya gane me ya sa matasan wancan zamani suka saurari Abdulkhaliƙ, ya riƙe sunan Anbar Joda.

Sai soja suka zo a Nuwamba 1958, Janar Ibrahim Abbud. Shekara shida yana kai. Ranar 21 ga Oktoba 1964 'yan sanda suka harbe wani ɗalibi, Ahmad al-Ƙurashi, a Jami'ar Khartum. Alƙalai da likitoci da malamai da ma'aikatan jirgin ƙasa suka ajiye aiki gaba ɗaya, ƙasa ta tsaya cik, cikin 'yan kwanaki mulkin soja ya rushe ba tare da an ɗauki bindiga a kansa ba. A gwamnatin riƙo da aka kafa, shugaban ƙwadago Shafi'u Ahmad al-Shaikh ya zama minista, haka shugaban manoman Jazira, al-Amin Muhammad al-Amin. Ku riƙe wannan wuri: Shafi'u ne ya kai wa majalisar ministoci takardar neman a rushe idara ahliyya, don a ganinsa ragowar mulkin Bature ce. Ba a yi ba a lokacin, gwamnatin ba ta daɗe ba. Amma maganar ta shiga kunnen da ba ta fita ba.

Dalilin a'uzubillahin da na ce za mu zo kansa ga shi. A Nuwamba 1965, a wani taro a kwalejin horon malamai ta Umdurman, wani ɗalibi ya furta mummunar magana a kan iyalan gidan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Jam'iyyar ta ce ba ɗanta ba ne, ta kuma yi tir da maganar. Duk da haka majalisa ta gyara tsarin mulki, ta haramta jam'iyyar, ta kori wakilanta da jama'a suka zaɓa. Babbar kotu ta ce abin da aka yi ya saɓa wa tsarin mulki, gwamnati ta yi kunnen uwar shegu, har Alƙalin Alƙalai Babikir Awadallah ya ajiye aikinsa a 1967. Darasin da matasan hafsoshi suka ɗauka daga nan shi ne majalisa wasa ce. Shi kuwa Abdulkhaliƙ ya sake tsayawa zaɓe a 1968 a Umdurman, ya ci.

Ranar 25 ga Mayu 1969 Kanal Numeiri da ƙananan hafsoshi suka karɓi mulki. Babikir Awadallah ɗin nan ya zama firaminista. Aka sa wa ƙasa suna Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Sudan, aka rungumi Jamal Abdunnasir na Masar da Tarayyar Sobiyet, a Disamba aka ƙulla ƙawance da Masar da Libiya a Tarabulus. Rediyon Umdurman ba ya wuni bai zagi 'yan mulkin mallaka da barorinsu ba. Akwai 'yan kwaminis a cikin ministoci, akwai masu ra'ayinsu a majalisar sojan kanta.

Za ku zaci Abdulkhaliƙ ya yi murna, tunda ga maganarsa a bakin masu mulki. Ina! Nan ne ma saɓanin ya soma, kuma a kan kalma ɗaya. Su Numeiri suna ce wa abin da suka yi sawra, shi yana ce masa inƙilab. A Hausa ma kalmomin biyu ne, juyin juya hali da juyin mulki. Tun kafin Mayu, kwamitin jam'iyyar ya riga ya ce hanyar juyin mulki ba ta talaka ba ce. Hujjar Abdulkhaliƙ ita ce waɗannan hafsoshi 'yan tsaka-tsaki ne, su ba leburori ba, su ba manyan attajirai ba, yau suna iya karkata nan gobe su karkata can. Don haka a mara musu baya inda suka yi daidai, amma ƙungiyoyin ƙwadago da na manoma da ita kanta jam'iyyar kada su narke a cikin gwamnati, don ranar da soja ya juya, wa zai ce masa a'a? Numeiri kuwa so yake a yi irin ta Masar, jam'iyya ɗaya a ƙarƙashinsa, kowa ya shigo. Wasu manyan jam'iyyar, irin su Ahmad Sulaiman da Mu'awiya Ibrahim, suka bi Numeiri. Jam'iyya ta tsage biyu.

Shekarar 1970 ita ce shekarar da abubuwa suka taru. A watan Maris gwamnati ta kai wa Ansar hari a tsibirin Aba da jiragen sama da manyan bindigogi, aka kashe mutane da yawa, Imam al-Hadi al-Mahdi ya nufi Habasha aka kashe shi a kusa da Kurmuk. Mutanen yamma da ke zaune a Aba, cikinsu har da namu, sun ɗanɗana wannan wuta. Kuma gaskiya ɗaya ce, 'yan kwaminis sun goyi bayan gwamnati a kan Aba. Bayan 'yan kwanaki aka ɗora Abdulkhaliƙ a jirgi aka kai shi Alƙahira gudun dole. An gama da dama, an juyo hagu.

A watan Mayu, ranar cika shekara, Numeiri ya sanar da mayar da dukan bankuna hannun gwamnati, har da Barclays, tare da manyan kamfanonin Ingila da na ambata ɗazu. Sai aka shiga musadara, ƙwace dukiyar 'yan kasuwa, Girkawa da Armeniyawa da Siriyawa har da wasu 'yan ƙasa. An yi tafi, kuma ba laifi a yi, don shekaru da yawa ribar riɗin Gadarif tana kwana a Landan. Amma ku 'yan kasuwa kun fi ni sanin abin da ke biyo baya. Ƙaro ya koma hannun kamfani ɗaya tun 1969, fitar da riɗi da gyaɗa ma ya koma ƙarƙashin ikon gwamnati. Mai saye ɗaya ne, shi ke faɗin farashi. Manomi da ɗan tireda ba su ga bambanci mai yawa tsakanin akawun Bature da akawun gwamnati ba, sai dai yanzu in ka kai kayanka inda suka fi daraja a tsallaken iyaka, sunanka ɗan fasa-ƙwauri, maƙiyin juyin juya hali. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A cikin wannan hayaniya, a shekarar dai, aka fitar da dokar da babu wanda ya yi wa tafi ko ihu a Khartum, Dokar Filayen da Ba a Yi wa Rajista ba. Abin da ta ce gajere ne: duk filin da ba a rubuta shi da sunan wani ba kafin ranar da dokar ta fara aiki, daji ne ko gona ko makiyaya, da mutane a kai ko babu, ya zama mallakar gwamnati, kamar an riga an rubuta shi da sunanta. To wane fili ne aka yi wa rajista a Sudan? Tun dokar Turawa ta 1925, rajista ta tsaya ne a birane da bakin Nil da Jazira. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙasar ba a taɓa rubuta shi ba. Wa ya taɓa jin an yi wa burtali rajista? Wa ya kai mashayar Rahad ofis aka buga mata hatimi? Butana duka, da dazukan kudancin Gadarif har bakin Dindir da kan iyakar Habasha, da gonakin gado na ƙauyuka, suka zama na gwamnati dare ɗaya, masu su suna barci.

Sai a 1971 aka cika wancan buri na Shafi'u, aka rushe idara ahliyya, aka kafa majalisun jama'a a madadinta. A nan sai mun yi adalci. Nazirai ba mala'iku ba ne. Akwai jangali, akwai son kai, akwai kotun da mai gari ne alƙali shi ne kuma mai ƙara. Baƙo irin Bahaushe ko Bafulatani ya san ɗacin zama a ƙarƙashin wanda zai iya ce masa tashi. Malam Aminu Kano da NEPU tun 1950 irin wannan yaƙin suke yi da En'e a Kano, kuma ba wanda zai ce ba su da hujja. Wasu makiyaya ma sun ji daɗin sabuwar dokar da farko, don Butana, wadda take ƙasar Shukuriyya a hannun gidan Abu Sin, ta zama ta kowa, ba sai ka nemi izini ba.

Amma nazirin nan, duk da halinsa, shi ne ya san ranar da ake buɗe hanya da ranar da ake rufe ta. Shi ya san rijiyar wane ce, tafkin wane ne, wa ke sha da safe wa ke sha da yamma. In an yi ɓarna, omda da dattawa su je su duba da idonsu, su kimanta, a biya a rabu. Da aka cire shi, wanda ya maye gurbinsa ma'aikaci ne daga birni da taswira a hannu, kuma a taswirar nan wurin da babu gini babu kunya sunansa fili fanko. Haƙƙin makiyayi duka a baki yake da shaidar dattawa. Doka ɗaya ta ce baki ba hujja ba ne, ɗayar kuma ta sallami dattawan.

Wa ya ci moriyar? Tun 1968, kafin Numeiri, an kafa Hukumar Noman Inji, da rancen Bankin Duniya, kuma mashru'in Samsam na nan kudancin Gadarif yana cikin na farko da kuɗin ya shiga. Hukumar tana yanka fili murabba'i murabba'i, faddan 1,000, daga baya har 1,500, ta ba mutum haya na shekara 25. Sharaɗi sai kana da jari ko abin jingina a banki. Waɗanda suka cika sharaɗin manyan 'yan kasuwa ne da manyan ma'aikata da hafsoshin da suka yi ritaya, da yawansu ba sa ma kwana a gonar. Bayan su sai masu share daji ba tare da tsari ba, mutum ya kawo tarakta ya kafa, daga baya a daidaita da hukuma. Dokar 1970 ita ta share wa duk wannan hanya, don ta kawar da tambayar nan ta filin wa ake bayarwa.

Mu kuma akwai ƙarin ƙaya a tamu hanyar. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce ɗan Sudan na asali shi ne wanda shi ko iyayensa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Waɗanda suka taso bayan Burmi ratar 'yan shekaru ce ta fitar da su. Daga baya an sassauta shekarar, amma a lokacin da ake rabon filaye mafi kyau, mutum da yawa da aka haifa a bakin Rahad ko Atbara, aka haifi ubansa a nan, ba shi da jinsiyya a hannu. Babu jinsiyya babu mashru'i. Sai dai ka shiga gonar wani ka yanka masa riɗi a biya ka.

A ganina a nan ne tunanin masu juyin juya halin wancan zamani ya gaza, na Numeiri da na Abdulkhaliƙ duka. Sun ga banki, sun ga auduga, sun ga jirgin ruwan da ke ɗauke da ita. Littattafansu cike suke da lebura da manomin haya da ɗalibi. Makiyayi kuwa, a wajen 'yan bokon lokacin na dama da na hagu, wani ragowar zamanin da ne da za a zaunar wuri ɗaya a wayar masa da kai. Gwamnati ta karɓi fili da sunan al'umma, ba su tsaya sun tambayi wace al'ummar ce za ta riƙe alƙalamin rabo ba. Abin mamakin shi ne Abdulkhaliƙ ya yi wannan tambayar daidai a kan mulki, shi ya sa ya ƙi narkar da jam'iyyarsa. A kan daji ne ba a yi ta ba.

Ƙarshensa ya zo da sauri. Ya dawo daga Masar, aka sake tsare shi. A Nuwamba 1970 Numeiri ya kori hafsoshi uku daga majalisar soja, Babikir al-Nur da Hashim al-Aɗa da Faruƙ Hamadallah. A ƙarshen Yuni 1971 Abdulkhaliƙ ya tsere daga inda ake tsare da shi a barikin Shajara. Ranar 19 ga Yuli da rana tsaka Manjo Hashim al-Aɗa ya kama Numeiri ya karɓi mulki. Kwana uku abin ya yi. Babikir al-Nur da Faruƙ suna Landan, suka hau jirgin fasinja na Ingila za su dawo, Gaddafi ya tilasta wa jirgin sauka a Bangazi, ya kama su ya miƙa wa Numeiri. Ranar 22 ga wata sojojin da ke goyon bayan Numeiri suka ƙwace gari. A ranar aka kashe hafsoshin da ake tsare da su a gidan baƙi na gwamnati, kuma har yau ana jayayya a kan wanda ya harbe su.

Kotunan soja suka zauna na 'yan sa'o'i. Aka harbe hafsoshin. Aka rataye Shafi'u Ahmad al-Shaikh, mijin Faɗima Ahmad Ibrahim, mace ta farko da ta shiga majalisar Sudan. Aka rataye Joseph Garang, ministan harkokin Kudu. Abdulkhaliƙ ya musanta a gaban kotu cewa jam'iyyarsa ce ta shirya juyin, kuma masana tarihi har gobe ba su haɗu a kan iyakar abin da ya sani ba. Ranar 28 ga Yuli 1971 aka rataye shi a kurkukun Kobar, yana da shekara 43. Mutumin da ya ce juyin mulki ba hanya ba ce, juyin mulkin da aka yi da sunan ɓangarensa ne ya kai shi ga igiya.

Abin da ya ce zai faru kuwa ya faru. Numeiri ya juya. A 1972 ya maido da hulɗa da Amurka, aka fara mayar wa wasu dukiyarsu da aka ƙwace. A ba shi nasa: a shekarar ya sa hannu a yarjejeniyar Addis Ababa da ta tsayar da yaƙin Kudu har tsawon shekara goma sha ɗaya, kuma a zamaninsa Sinawa suka shimfiɗa kwaltar Madani zuwa Gadarif da motocinku ke bi. Bankunan Bature an ƙwace, wasu kamfanoni an mayar, ƙawaye an sauya, amma dokar fili ba wanda ya taɓa ta. Ita ce ma aka dogara da ita da aka ce Sudan za ta zama rumbun hatsin ƙasashen Larabawa, kuɗin man fetur ya shigo, mashru'ai suka yi ta faɗaɗa kudu da gabas. Bashi ya taru, daga 1978 aka shiga hannun Asusun Ba da Lamuni na Duniya, aka karya darajar fam.

A farkon shekarun 1980 dawar Gadarif tana fita Saudiyya abincin dabbobi. Sai farin 1984 ya zo, mutanen Kurdufan da Darfur da tsaunukan Bahar Maliya suka rasa dabbobinsu suka taru a gefen birane, gwamnati ta daɗe tana musun akwai yunwa. Dawar agaji da ta zo daga Amurka, mutane suka sa mata suna Rigan, sunan shugaban ƙasar. A daidai lokacin, daga Nuwamba 1984 zuwa Janairu 1985, motoci suna kwasar Yahudawan Habasha, Falasha, da dare daga sansanonin 'yan gudun hijira na nan kewayenmu, irin su Tawawa da Um Rakuba, zuwa filin jirgin Khartum, a wuce da su Isra'ila ta Turai. A watan Maris jiragen sojan Amurka suka sauka a kusa da Gadarif suka kwashe waɗanda suka rage. Su mutanen bayin Allah ne da yunwa da cuta ke kashewa a sansani, ba su da laifin kowa. Abin lura shi ne mai mulkin da ya zo da sunan Abdunnasir da Falasɗinu shi ya yarda aka yi haka a ɓoye, yana musantawa a fili. Bayan faɗuwarsa an gurfanar da mataimakinsa, Umar Muhammad al-Ɗayyib, a kan wannan, aka ɗaure shi.

A ƙarshen Maris 1985 aka ƙara kuɗin burodi da mai, jama'a suka fito, ƙungiyoyi suka sake ajiye aiki kamar 1964. Numeiri yana Amurka. Ranar 6 ga Afrilu soja a ƙarƙashin Suwar al-Zahab suka bi bayan jama'a. Ya zauna a Alƙahira shekara 14, ya dawo a 1999, ya rasu ranar 30 ga Mayu 2009, aka yi masa jana'iza a Umdurman. Iyalan Abdulkhaliƙ da na Shafi'u kuwa ba a ba su gawa ba, ba a nuna musu kabari ba.

Dokar 1970 an soke ta da suna a 1984, da aka yi Dokar Mu'amalolin Jama'a, amma aka kwashe cikinta aka zuba a sabuwar: filin da ba shi da rajista na gwamnati ne, kai amfani kawai kake yi da shi. Idara ahliyya ma an dawo da ita daga baya, sai dai an dawo wa nazir da rawaninsa ba a dawo masa da ikon fili ba. Burtalai takwas da hukuma ta amince da su a jihar Gadarif suna nan a takarda, faɗinsu a ƙasa kuwa ku da kuke bin su kun fi takardar sani. Masu saurarenmu na Najeriya in sun ji wannan za su tuna da tasu Dokar Amfani da Filaye ta 1978, wadda ita ma gwamnatin soja ce ta yi ta, ta ɗora filin jiha duka a hannun gwamna.

Shiri na gaba, in Allah ya kai mu, a kan Fashaga ne, da yarjejeniyar iyaka ta 1902 tsakanin Ingila da Sarki Menelik na Habasha, da layin da wani Bature Manjo Gwynn ya shata a shekarar da ta biyo. Wanda ke da tambaya a kai, ko yana da abin da ya ji daga bakin iyayensa, ya aiko mana kafin ranar. A huta lafiya.